Ƙuraje bayan fara shan maganin tabon huhu

Tambaya: Likita, mahaifina na fama da ciwon da ke sa huhu yin tabo, wata biyu ke nan yana shan pirfenidone. Yanzu ƙuraje masu ƙaiƙayi da zafi sun feso masa a fuska da wuya da bayan hannu, amma ciki da baya lafiya lau. Mu tsayar da maganin?

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya. 'Yar'uwa, inda ƙurajen suka fito shi ya nuna mana dalili: duk wuraren da rana ke duka ne. Pirfenidone na sa fata ta kasa jure hasken rana, har fitar da ba ta taka kara ta karya ba, kamar zuwa masallaci da azahar, ta iya ƙona mutum. A gwajin maganin, kusan kashi 9 cikin 100 ne suka sami wannan, galibi a watanni 6 na farko. A baƙar fata ba lalle a ga ja ba. Wurin kan ƙara duhu, ya yi kaushi, ya riƙa saɓa.

Kada ku tsayar da maganin da kanku, don shi ne ke rage wa tabon gudu. Ku koma wurin likitansa cikin kwanakin nan. Yakan rage adadin, misali daga ƙwaya 3 zuwa ƙwaya 1 sau uku a rana, in bai lafa ba ya dakatar na kamar mako biyu, sannan a sake hawa a hankali.

Baba ya guji ranar hantsi zuwa la'asar, ya sa riga mai dogon hannu da malafa, don hula ba ta kare wuya da kunne. Ya shafa man kariyar rana mai lamba 50 kullum, ko da hazo, ya kuma sha maganin tare da abinci. Abin da ya fi damuna shi ne kemis: doxycycline da ciprofloxacin, magungunan kashe ƙwayoyin cuta da ake saye barkatai, suna ƙara ta'azzara matsalar. Man bilicin ma kada ya kusanci wurin.

Amma in leɓe ko harshe ko fuska suka kumbura, ko fata ta yi bororo, ko gyambo ya fito a baki ko ido, ko zazzaɓi ya biyo, wannan ba aikin rana ba ne. A daina sha nan take, a wuce asibiti. In kuma fatar ta ƙi maganin sam, akwai wani maganin tabon huhu, nintedanib, wanda shi matsalarsa ta fi yawa a gudawa.