Tsohuwar Bedford ɗin soja: ta yaya zan gane ta gaske?

Tambaya: Na ga wata tsohuwar babbar mota ƙirar Bedford mai launin kore an ajiye ta a wani gareji, da ƙaramar tirela a bayanta. Mai ita ya ce ta soja ce. Ina son in saya in gyara don ɗaukar amfanin gona. Yaya zan tabbatar, kuma me zan fara dubawa?

Amsa: Malam, fenti ba shaida ba ne. Kamfanin Bedford na Ingila ya ƙera babbar mota samfurin TK don 'yan kasuwa, sannan a 1970 ya fito da samfurin MK ta soja mai ɗaukar tan 4, wadda kan motar, wato mazaunin direba, ya yi kama da na TK sosai. Wannan kamar ce ke sa a shafa wa TK kore a ɗora mata kuɗin da bai kai nata ba.

Ka durƙusa ka leƙa ƙarƙashi. MK tana ja da ƙafa huɗu, don haka za ka ga farfela biyu sun fito daga wani ƙaramin giyabos a tsakiya, ɗaya ta nufi gaba, ɗaya baya. In babu farfelar gaba, ka yi sallama da shi. Tayoyinta na baya ɗai-ɗai ne manya, ba bibbiyu ba, kuma ta fi TK tashi daga ƙasa. A rufin kan motar, saitin kujerar yaron mota, galibi akwai zagayayyar ƙofa da soja ke leƙowa ta ciki. Wutarta bolt 24 ce, wato batir biyu. Akwai ƙaramin allon ƙarfe mai lambar casis. Ka gwada ta da wadda ke cikin takardu. In kuwa injin fetur ka tarar da kai mai kumburi irin na da, to RL ce, yayarta ta shekarun 1950, kuma shan manta zai cinye ribar masararka.

Takardu ma ka nemi na gwanjo ko na kwastan, waɗanda suka nuna yadda ta bar hannun hukuma. Motar soja da ba ta da asali a rubuce ba abin kusanta ba ce, komai arharta.

Wajen gyara, yawancin mutane injin suke fara tayarwa don su ji ƙara. Ni casis nake fara bi da guduma, musamman inda sifirin ke riƙe da shi da ƙarƙashin kan motar inda ruwa ke kwanciya. Tsatsar sama ba komai ba ce, amma ƙarfen da ya rube ko aka yi wa walda kan walda ba ya ɗaukar tan 4 lafiya. Sai birki, wanda iska da mai ne suke aiki tare. Robobinsa sun bushe tun tuni, a canza su duka kafin ta taka kwalta. Injin kuwa, a juya shi da hannu, a zubar da tsohon mai, a wanke tanki, sannan a kunna.

Kayan gyara su ne wahalar. Bedford ta daina ƙera manyan motoci tun 1987, don haka ka zaga Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna da jerin abin da kake buƙata kafin ka biya ko kwabo. Wasu kayan injin da na kai suna shiga daga TK, amma na ƙafar gaba sai dai daga wata MK ɗin.

Tirelar soja zobe ne a bakinta, yana shiga ƙugiyar bayan mota. Ka duba zoben bai cinye ba, da birkinta.

Sai launi. A Najeriya akwai dokar 1977 da ta hana farar hula tuƙa mota mai koren soja. Ka sauya mata fenti, ka goge duk wata alama ko lambar runduna, sannan ka yi mata rajista da sunanka.