Amsa: Me ke faruwa a uwar garke idan kwamfutarka ta karɓi aiki?

Malam, ka tambayi yadda ake tsara uwar garken (wato babbar kwamfutar da ke rarraba aiki) ayyukan binciken kimiyya da jama'a ke ba wa aron kwamfutocinsu kyauta, irin su Einstein@Home. Da yawansu a kan BOINC suke, manhajar da David Anderson ya jagoranci ginawa a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley tun 2002, bayan darussan da aka koya daga SETI@home, wani aiki irin wannan da ya gabace ta.

Ƙananan manhajoji ne ke aikin, kowacce da nata, dukkansu suna dogara da rumbun bayanai ɗaya, galibi MySQL. Ɗaya tana yanyanka babban aiki ƙanana-ƙanana. Wata tana jera su a ƙwaƙwalwar na'ura don kada rumbun ya sha nauyi. Idan kwamfutarka ta tuntuɓo, manhajar rabon aiki za ta duba ƙarfinta ta ba ta daidai abin da za ta iya, tare da wa'adi. In wa'adin ya wuce shiru, sai a tura wa wani.

Abin da ya fi burge ni shi ne tantancewa. Ba a san masu kwamfutocin nan ba. Wata na'urar tana kuskuren lissafi saboda zafi, wani kuma yana maguɗi don neman makin da ake ba masu taimakawa. Shi ya sa ake yawan ba kwamfutoci biyu aiki iri ɗaya, a gwada sakamakonsu. In sun saɓa, a ba ta uku. Sai sun dace ake karɓa, a raba maki, a adana sakamakon, a goge tsofaffin fayiloli.

Folding@home kuwa, wani aikin irin wannan, ba BOINC yake amfani da shi ba, nasa tsarin daban ne.