Tambaya da Amsa: Kalmar “Charge” da Kayan da Aka Ɗora Mata

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Malam. Ni matashi ne mai rumfar cajin waya a Tudun Wada, nan Kaduna, kuma ina shirin sake zama jarrabawar WAEC domin Turanci ne ya kayar da ni a bara. Kalmar “charge” ce ta ɗaure mini kai. A allon rumfata an rubuta “charge your phone here”. Banki ya turo mini saƙo cewa an cire “charges” daga asusuna. Da na kai mahaifiyata asibiti aka ce in nemi “nurse in charge”, bayan kwana uku kuma aka ce an yi mata “discharge”. A jarida na ga an ce wani mutum “was charged with theft”. Shin kalma ɗaya ce, ko kalmomi ne dabam-dabam da rubutunsu ya zo ɗaya? Kuma yaya zan riƙa gane wadda ake nufi? Allah Ya ƙara basira.

AMSA

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah Ya ƙara wa mahaifiyarka lafiya, Ya kuma sa albarka a sana'arka. Kalma ɗaya ce. Ba irin garin da ake zama a cikinsa da garin da ake tuƙa tuwo da shi ba ce, waɗanda rubutun boko kawai ya haɗa su alhali kunnen Bahaushe ya san kowanne da muryarsa. Ta fi kama da “ci” a harshenmu, inda mutum zai ci abinci, ya ci bashi, ya ci zaɓe, ya ci amana, a ci shi tara, kuma babu Bahaushen da ya taɓa ruɗewa, domin ya san tushen da ma'anonin suka tsiro daga gare shi. Abin da ya rage maka shi ne ka san tushen “charge”, kuma tushen nata yana da sauƙi: ɗora kaya.

A harshen Latin ana kiran amalanken ɗaukar kaya “carrus”, daga nan aka sami “carricare”, wato loda kaya a kan amalanke. Kalmar ta shiga tsohon Faransanci, ta kuma tsallaka Ingila a sakamakon yaƙin shekarar 1066, lokacin da mutanen Nomandi masu magana da Faransanci suka ci ƙasar, harshensu ya zama harshen fada da na shari'a tsawon ƙarnoni. Zuwa ƙarni na 13 Turawan Ingila suna amfani da “charge” da ma'anar kaya ko nauyin da aka aza wa dabba ko mutum. Daga wannan gida ne “car” da “cargo” da “carry” suka fito, don haka duk 'yan'uwan juna ne.

Yanzu ka dubi yadda mu ma muke sarrafa “ɗora”. Ana ɗora wa jaki mangala, ana ɗora wa talaka haraji, ana ɗora wa mutum nauyin kula da marayu, ana kuma ɗora wa wani laifi. Idan ka riƙe waɗannan jimloli huɗu na Hausa, ka riga ka mallaki mafi yawan abin da kake nema, domin hanyar da Bahaushe ya bi da “ɗora” ita ce Bature ya bi da “charge”.

Ta fuskar kuɗi, idan aka ce “the mechanic charged me five thousand naira for the repair”, ana nufin bakanike ya ɗora mini biyan naira 5,000 a kan gyaran da ya yi. Saƙon da banki ya turo maka ke nan: kuɗaɗen da aka ɗora wa asusunka ladan hidima ko haraji, kamar naira 50 ɗin nan da ake cira idan kuɗin da aka tura sun kai naira 10,000. Ka lura cewa an fi amfani da “price” ga kayan da ake saya a riƙe a hannu, “charge” kuwa ga aikin da aka yi wa mutum, shi ya sa abin da kake karɓa a rumfarka “charge” ne, kuɗin cajar da kake sayarwa kuma “price”. Abin da aka bayar “free of charge” kyauta ne, ba a ɗora wa kowa ko kwabo ba.

Ma'aikaciyar jinyar da aka ce ka nema ita ce wadda aka ɗora wa nauyin ɗakin marasa lafiya a wannan lokaci. A nan akwai tarkon da ke kama ɗalibai da yawa, kuma ƙaramar kalmar “the” ce take ɗana shi. Idan aka ce “the nurse is in charge of the patients”, ita ce mai kula da su. Idan kuwa aka ce “the patients are in the charge of the nurse”, su ne suke ƙarƙashin kulawarta. Wanda ya rubuta “the children are in charge of the teacher” ya mayar da yara shugabannin malaminsu ba tare da ya sani ba. Har a harkar jakadanci ma za ka gamu da wannan ma'ana, inda ake kiran muƙaddashin jakada “chargé d'affaires”, da lafazin Faransanci, wato wanda aka ɗora wa al'amuran ofishin idan babu jakada.

Ma'anar da ka gani a jarida ita ce na fi so ka tsaya a kanta, domin kuskure a cikinta yana taɓa mutuncin bayin Allah. “He was charged with theft” ba ya nufin an same shi da laifin sata. Yana nufin hukuma ta ɗora masa zargi a rubuce, wato ana tuhumarsa, kuma sauran aiki yana gaban alƙali. Turancin shari'a ya ware matakan dalla-dalla: “arrest” shi ne kamu, “charge” tuhuma, “arraign” gurfanarwa gaban kotu a karanta wa mutum tuhumar ya amsa ko ya musanta, “convict” samunsa da laifi, “sentence” kuma yanke masa hukunci. Sashe na 36 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ce duk wanda ake tuhuma da laifi ana ɗaukarsa marar laifi har sai an tabbatar da laifin a kansa, sashe na 35 kuma ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotun da ke da hurumi a tazarar kilomita 40. Raina yana ɓaci ƙwarai idan na ji an fassara “charged” da “an kama shi da laifi” a majalisa ko a shafukan Facebook, saboda mutumin zai iya fitowa daga kotu a wanke, amma unguwa ta riga ta sa masa sunan ɓarawo, 'ya'yansa kuma su ne za su yi ta ɗaukar wannan kaya. Don Allah, ɗana, idan abokan cinikinka suka miƙo maka waya ka fassara musu labari, ka ce “ana tuhumarsa”, kada ka ƙara gishiri.

Wani abu kuma game da jarrabawarka: jaridunmu suna yawan rubuta “charged to court”, kuma kowa a Najeriya ya fahimci abin da ake nufi, amma Turancin Ingila ya fi sabawa da “charged with” sannan a ambaci laifin. Shi ne mafi aminci a takardar jarrabawa.

Saura cajin da kake ci da shi. Tun kafin a san lantarki, Bature yana cewa ya yi “charge” ɗin bindiga idan ya ɗura mata albarushi, kamar yadda 'yan bindigar sarki suke ɗura bindigar toka ranar hawan salla. Daga ɗorawa an gangaro zuwa ɗurawa ke nan. A tsakanin 1745 da 1746 aka ƙirƙiro wata kwalba mai tara lantarki, wadda ta ɗauki sunan birnin Leiden na ƙasar Holan, kuma masanan wancan zamani, cikinsu har da Benjamin Franklin na Amurka, suna kallon lantarki kamar wani ruwa da ake zubawa a mazubi, sai suka yi amfani da kalmar da ake amfani da ita wajen cika bindiga. Har yau a kan wannan hoto ake tafiya, ko da yake abin da batirin waya yake ajiyewa a haƙiƙa ƙarfi ne na sinadarai da ke komawa lantarki idan an buƙata. Lambar da kake gani a jikin batir, kamar 5000mAh, ma'aunin yawan cajin da zai iya ɗauka ne. Da wayar salula ta GSM ta zo Najeriya a 2001 kuma sai ga “recharge card”, inda ake sake ɗura wa layi kuɗi, mu kuwa muka taƙaita muka ce kati.

Idan ka gane ɗorawa, saukewa ba za ta ba ka wuya ba, domin “dis” ɗin da ke farkon “discharge” warware aikin yake yi. Jirgin ruwa yana “discharge” ɗin kayansa a tashar Apapa, batir yana “discharge” idan cajinsa na zuƙewa, asibiti kuma ya sauke nauyin kula da mahaifiyarka, wato ya sallame ta. A kotu ma haka ne, sai dai akwai bambanci mai girma tsakanin wanda aka yi wa “discharge” kawai, wanda ana iya sake gurfanar da shi a kan zargin nan, da wanda aka ce “discharged and acquitted”, wato an sallame shi an kuma wanke shi.

Akwai ma'ana ɗaya da ba ka ambata ba, wadda ta fi sauran nisa da tushe. “The bull charged at the boy” na nufin bijimi ya taso wa yaro a guje. Ka tuna mahaya a wajen jahi, sun sako dawakai a sukwane sun nufo sarki; wannan sukuwar ita ma “charge” ce, kuma za ka riƙe ta cikin sauƙi idan ka ɗauka cewa mai farmakin ya tattara nauyinsa duka zai jibga a kan abin da ke gabansa.

Game da yadda za ka gane wadda ake nufi, kada ka dubi kalmar ita kaɗai, ka dubi maƙwabtanta. Idan “for” ya biyo baya kuma ga adadi, maganar kuɗi ce. Idan “with” ne kuma ga sunan laifi, tuhuma ce. Idan kuwa aiki ne ya biyo bayan “with”, kamar a ce an yi wa kwamiti “charged with investigating the fire”, to nauyin bincike aka ɗora masa. “In” a gaba da “of” a baya shugabanci ne, “at” kuma farmaki. Wannan dabara ce ake gwadawa a sashen fahimtar rubutu na WAEC, inda ake ba ka kalma a ce ka kawo wata da za ta maye gurbinta kamar yadda aka yi amfani da ita a cikin nassin, kuma ɗalibai da dama suna faɗuwa ne saboda sun rubuta ma'anar farko da suka haddace. Idan ka buɗe ƙamus, ka karanta bayanin kalmar har ƙarshensa tare da jimlolin misali. Kada yawan ya tsorata ka: babban ƙamus na Oxford ya ba wa “set” ma'anoni 430 a bugunsa na 1989, a 2011 kuma da aka sabunta bayanin “run” sai da aka lissafa 645 a matsayinta na aikatau kaɗai, amma abin da ake buƙata a rayuwar yau da kullum bai wuce 'yan kaɗan daga ciki ba. Ka sami littafi ka riƙa rubuta duk jimlar da ka gamu da “charge” a cikinta, ka sa fassararta ta Hausa a gefe. Allah Ya ba da sa'a.

TAMBAYA

Malam, ni malamar firamare ce a Rigasa. Wani ɗalibina ya rubuta “the police charged my father's car”, yana nufin 'yan sanda sun caje motar a shingen bincike. Na soke masa, amma ya ce ai “caje” Turanci ne. Wa ke da gaskiya?

AMSA

Malama, ke ce da gaskiya, sai dai yaron ma yana da uzuri, kuma ya cancanci a yi masa bayani a hankali. A Hausa muna cewa an caje mota ko an caje aljihu da nufin an bincika, muna kuma cewa tela ya caje ni kuɗi mai yawa, ga kuma caji ofis inda ake rubuta tuhuma. Kalmar ta zama tamu, tana da nata ma'anonin a bakin Bahaushe. A Turanci kuwa “charge” ba ta da ma'anar bincike ko kaɗan. “Search” ake cewa. Wanda ya karanta jimlar yaron zai zaci 'yan sandan sun yi wa batirin motar caji ne, ko kuma sun taso mata a guje. Ki sa shi ya rubuta “the police searched my father's car”, sannan ki ba shi jimloli uku na Hausa masu ɗauke da “caje”, na kuɗi da na bincike da na tuhuma, ya mayar da kowacce Turanci da kalmar da ta dace da ita.