Filin Tambaya da Amsa: Koyar da Takobin Turawan Da

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina koyar da matasa karate a Ƙofar Ƙaura, Katsina. Yarana sun ga bidiyon Turawa suna karawa da dogon takobi mai riƙon hannu biyu, sun matsa in koya musu. Abin yana da tushe kuwa? Ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Yana da tushe, masu yin sa suna kiran sa HEMA a taƙaice, wato dabarun faɗa na Turawan da. Sai dai ba kamar dambe ko kokawa ba ne da yaro ke gada a hannun na gaba da shi. Silsilar malamansa ta yanke tuntuni, daga littattafai aka sake tono shi. Mafi tsufa shi ne wanda ake kira I.33, an rubuta shi a ƙasar Jamus wajen shekarar 1300, yana ajiye a birnin Leeds na Ingila. Na dogon takobi kuwa, ka nemi koyarwar Johannes Liechtenauer, Bajamushen ƙarni na 14. A baitoci ya tsara ta, almajiransa suka yi mata sharhi, kamar yadda muka saba da matani da sharhi a zaure. Akwai kuma Fiore dei Liberi na Italiya, wajen 1410. Shafin Wiktenauer ya tara su kyauta a intanet.

Makonni shida na farko kada kowa ya bugi kowa. Ƙafa da tazara za ka koyar: tsayuwa da gwiwa a ɗan lanƙwashe, taku gaba, taku baya, taku gefe, har yaro ya san daidai inda sandar abokinsa za ta iske shi. Sannan tsayuwa huɗu na Liechtenauer. Ta sama, takobi a kafaɗa ko bisa kai. Sa (bijimi), takobi a gefen kai tsininsa na duban fuskar abokin karawa kamar ƙaho. Garma, riƙo a kugu tsini na kallon sama. Wawa, tsini a ƙasa kamar ka saki jiki, alhali tarko ne.

A wajen sara ake samun ɓarna, don haka ka zauna a kansa. Hannun dama yana kusa da makarin hannu, na hagu a gindin ƙota, shi ke ja, na dama yana saitawa. Takobi ne zai fara tafiya, ƙafa ta biyo baya. Yaron da ya fara taku kafin ya motsa hannu ya kai kansa inda za a sare shi ba tare da komai ya kare shi ba, kuma wannan ne kuskuren da kusan kowane sabon shiga ke yi. Na biyu, sara irin na faskare: a ɗaga har gadon baya, a sauke da ƙarfi har ƙasa. Dogon takobi bai cika wuce kilo ɗaya da rabi ba, ba ya buƙatar wannan ƙarfin, kuma idan ka kuskure sai gabanka ya buɗe. Sa su yi sara goma ta dama, goma ta hagu, a hankali, kowane ya tsaya da tsini yana duban fuskar abokin karawa.

Tambaya: Daga Daura nake. Kayan waje sun yi tsada. Zan iya ba maƙeri ya ƙera mana daga sifirin mota, ko mu dakusar da takubban hawan sallah?

Amsa: A'a, ɗan'uwa, kada ka yi ko ɗaya. Takobin horo ana ƙera shi ne don ya lanƙwashe idan an yi suka ya koma daidai, bakinsa mai kauri, tsininsa a naɗe ko a faɗaɗe. Maƙeranmu gwanaye ne, amma wannan aiki yana son a auna zafin ƙarfe daidai. In ya yi tauri da yawa zai karye a tsakiyar karawa, guntun da ya rage kuma mashi ne. Takobin hawa kuwa na hannu ɗaya ne, ba ya lanƙwasa yadda ake so, ko an dakusar da shi zai huda.

Ka fara da gora mai tsawon santimita 120 don motsi na kai kaɗai da na mutum biyu a hankali. Don taɓa jiki, a naɗe siririyar sanda da soso mai kauri, a ƙara dunƙule a tsini. Guji bututun roba na famfo, yana tsagewa ya bar kaifi.

Kuɗin farko da ka samu, sayi hular raga ta masu wasan takobi. Za ka ga tambarin 350N ko 1600N. Ta biyun ta fi ƙarfi, ita ake so in za a kai ga ƙarfe. Hular kwano ta babur ba ta maye gurbinta, domin tsini na shiga ta ƙarƙashin haɓa. Bayan ta sai safar hannu mai tauri, don yatsu ne suka fi karyewa a wannan wasa, musamman babban yatsa, sai makarin maƙogwaro da na ƙeya. Rigar karawa tana da kauri kamar lifidi, saboda haka daga Maris zuwa Mayu a yi horo bayan asuba, zagaye kada ya wuce minti biyu, a cire hula a sha ruwa.

Tambaya: Ba za a ɗauke mu kauraye ba?

Amsa: Za a iya, in kun yi sakaci. Ku gaida mai unguwa ku yi masa bayani, ku kai takarda ofishin 'yan sanda na yankinku, ku karɓi amincewar iyaye a rubuce. Sanduna su riƙa tafiya a cikin jaka, horo a cikin gida mai katanga, kuma kada wani abu mai kaifi ya shigo filin ko da don nuni ne.