Tambayoyinku: Na haddace kalmomin nazari, amma waƙar Turanci ta ƙi buɗe mini

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe na sakandare a Gusau, kuma zan rubuta adabin Turanci a jarrabawar WAEC. Malaminmu ya ba mu jerin kalmomin nazari har shafi huɗu, su simili, metafo, fasonifikeshan, enjamen, ayambik fentamita, ya ce mu haddace. Na haddace su tsaf. Amma da zarar an ajiye mini waƙa an ce in yi sharhi, sai kaina ya ɗaure. Wanda ya fi ba ni wuya shi ne fentamitan nan. Don Allah a taimaka mini.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Wasiƙarki ta mayar da ni ajin da na daɗe ina koyarwa. Yara za su zo da littafi cike da ma'anoni, kowace kalma an ja mata layi da jan biro, amma a rubuta musu baiti ɗaya a allo sai aji ya yi tsit kamar ruwa ya cinye su. Ƙwaƙwalwarki lafiyarta ƙalau. An karanta miki sunan gatari da gizago ne alhali ba ki taɓa zama gefen masassaƙi kin ga yadda ake fafe turmi ba.

Rabin abin da ke cikin shafukan nan huɗu da shi kika tashi a gida. In Inna ta ce rigarki ta yi fari kamar auduga, ai simili ke nan, abin da masana adabin Hausa suke kira kamantawa. In aka ce wane zaki ne, aka jefar da "kamar" ɗin, an shiga metafo, wato siffantawa. "Barci ya sace ni" da "yunwa ta kama ni" mutuntarwa ce, an ba abin da ba mutum ba hannu da niyya, shi ne fasonifikeshan ɗinki. "Na mutu da dariya" kambamawa ce, Turawa su ce haifaboli. Wasan nan na ƙato da kwaɗo da ƙoto da kuke yi kuna yara har harshe ya harɗe, maimaita baƙi ɗaya ko masu kama da juna ne a farkon kalmomi, su kuma alitareshan suke ce masa. Enjamen ma akwai shi a waƙoƙinmu: magana ta ƙi ƙarewa a ƙarshen ɗango sai ta gangara cikin na gaba, shi ya sa ake kiransa gangara. Ki ɗauko littafinki na darasin Hausa ki ajiye kusa da na Turancin, ki rubuta sunan Hausa a gefen kowace kalma. Masana irin su Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo na Jami'ar Bayero sun riga sun share mana wannan hanya, kuma takaicina shi ne yadda ake koyar da darussan biyu kamar ba su san juna ba.

Fentamita kuwa, kina da gaskiya da ya ba ki wuya, domin a nan ne kunnen Bahaushe da na Bature suka raba hanya. Mu rubutacciyar waƙarmu da nauyin gaɓa ake auna ta, gaɓa mai nauyi da marar nauyi, bisa aruli da muka gada daga Larabci, ilimin da Halilu ɗan Ahmad ya tsara a Basra a ƙarni na 8. Kunnenki ya saba da tsawon wasali: kin san bambancin garin da ake zama a ciki da garin da ake tuwo da shi, jan wasali kawai ya raba su. Turanci ba haka yake ba. A kowace kalma mai gaɓa biyu ko fiye, akwai gaɓar da ake dannawa da ƙarfi, sauran a wuce su sama-sama. Kalmar record, in kika danna gaɓar farko ta zama suna, in kika danna ta biyu ta koma aikatau. Da wannan dannawar suke auna waƙa.

To, ayamb ƙafa ce mai gaɓa biyu, ta farko sassauƙa, ta biyu dannanniya: ta-TAM. Fenta da harshen Girka biyar ke nan. A jera ƙafar nan sau biyar a ɗango ɗaya, gaɓa goma, an sami ayambik fentamita. Iyakarsa ke nan.

Yadda nake yi a aji, sai in ce kowa ya rufe littafi ya ɗora tafinsa a kan tebur. Yatsa ɗaya ga gaɓa sassauƙa, tafi gaba ɗaya ga dannanniya. Sai mu ɗauki ɗangon farko na sonet ta 18 ta Shekisfiya: shall I, comPARE, thee TO, a SUM, mer's DAY. Karo na farko hayaniya ce kawai. Kafin karo na biyar sai ki ji teburan sun haɗu sun zama ganga ɗaya. Akwai wata yarinya da ke zama a bencin baya, ba ta cika magana ba, ranar nan sai ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ashe kiɗa ne." Daga ranar ba ta sake tambayata ma'anar kalmar ba. Ke ma ki gwada a gida a kan faranti ko murfin tukunya, kuma ki karanta da babbar murya, don ido ba ya jin kari.

Tunda mun taɓo sonet, bari in ƙarasa miki ita. Waƙa ce mai ɗango 14. Daga Italiya ta fito, inda Fetirak, wanda ya rayu daga 1304 zuwa 1374, ya shahara da ita, yana raba ta gida biyu, ɗango takwas da ɗango shida. A ƙarni na 16 ta shiga Ingila, suka sake mata tsari: rukuni uku masu ɗango huɗu-huɗu, sai ɗango biyu na rufewa masu amsa-amo ɗaya. Na Shekisfiya guda 154 ne, an buga su a 1609. Haruffan nan da kike gani, abab cdcd efef gg, taswirar amsa-amo ce: ɗangogin da suka ƙare da sauti ɗaya sai a ba su harafi ɗaya. Mu da muka saba da babban amsa-amo guda da ke bin waƙa daga farko har ƙarshe, wannan sauye-sauyen yakan zo mana baƙo da farko. Idan kuma kika ga fentamita babu amsa-amo sam, shi ne bilank bas, kuma da shi aka rubuta yawancin maganganun da ke cikin wasannin Shekisfiya.

Abin da na fi so ki riƙa nema a sonet shi ne juyi, wurin da mawaƙi ke sauya akalar zancensa. A sonet ta 18 ya yi ɗango takwas yana lissafa aibun lokacin zafinsu na Turai, iska ta kaɗe fure, rana ta ƙwalle, kwanakin ba sa daɗewa. Ɗango na tara sai ya buɗe da "amma", ya ce kyan wanda yake yabo ba zai dusashe ba. Duk waƙar a kan wannan "amma" take rataye. Ɗalibin da ya nuna ta ya fi wanda ya lissafa adon harshe goma.

A nan ne ɗalibai da yawa suke zubar da maki. Su rubuta "akwai metafo a ɗango na uku", su ajiye biro. Mai duba takarda ya san akwai. So yake ki kawo kalmomin da mawaƙin ya yi amfani da su, ki faɗi abin da aka kwatanta da me, sannan ki faɗi abin da kwatancen ya ƙara wa jigon waƙar. In mawaƙi ya kira mutuwa barci, ki ce ya rage mata ban tsoro ne, domin mai barci ana sa ran farkawarsa. Jimla biyu sun isa. Ki ɗauki gajeriyar waƙa ɗaya kullum bayan la'asar ki yi mata haka, ki aiko mini da ta farko in duba miki. Allah Ya ba da sa'a.

Tambaya: Malam, mene ne bambancin solilokwi da asaid, kuma me ake nufi da diramatik aironi? Daga ɗalibinka a Zariya.

Amsa: Ɗana, solilokwi doguwar magana ce da ɗan wasa ke yi shi kaɗai a dandali, yana fito da abin da ke zuciyarsa masu kallo su ji. Asaid gajeruwa ce, ana yin ta da sauran 'yan wasa a tsaye, a ɗauka cewa su ba su ji ba. Aironi na baki shi ne gatse, kamar uwa ta ce wa yaro "ci gaba da wasa da wutar". Na wasan kwaikwayo kuwa shi ne mai kallo ya san abin da ɗan wasa bai sani ba. Ka tuna daren tatsuniya, Gizo yana yi wa Kura daɗin baki, ku yara kun san ramin da ya haƙa mata, ita ba ta sani ba.

Wasan Otelo na Shekisfiya, wanda aka nuna a fadar sarkin Ingila a 1604, ya haɗa duka ukun. Iyago yakan tsaya shi kaɗai ya gaya mana makircin da yake ƙullawa. Muna gani matarsa Emiliya ta tsinci hankicin Dezdimona, matar Otelo, ta miƙa masa, muna ji ya ce zai yar da shi a ɗakin Kasiyo, mataimakin Otelo, don Otelo ya zargi matarsa. Saboda haka duk sanda Otelo ya kira shi mai gaskiya, mu da ke zaune sai cikinmu ya ɗuri ruwa. In an tambaye ka a jarrabawa, ka kawo wannan hankicin, ka faɗi wa ya san gaskiyarsa a wannan fitowar da wanda bai sani ba.