"Dogaro ga Allah jari" da sauran tambayoyin 'yan kasuwa

Wani ɗan'uwa ya ce: Malam, ina shirin buɗe sana'a. Aka ce in tsaya in yi bincike tukuna, na ce "dogaro ga Allah jari". Ashe ba na kan hanya?

Karin maganar daidai take, wurin da ka ajiye ta ne ba daidai ba. Mene ne jari? Dukiyar da ake zubawa a sana'a don a juya ta. Ba a cin jari, ba a kuma kwanciya a kansa. Da Bahaushe ya kira dogaro jari, nufinsa shi ne abin da za ka fita da shi ka yi aiki. Bakin da ya faɗi wannan shi ne kuma ya ce "zomo ba ya kamuwa daga zaune".

Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda 'yan'uwa suka mai da kalmar "bangaskiya" mayafin ƙiwuya. Mutum bai san nawa zai kashe ba, bai san masu sayen kayansa ba, bai ma san ko wasu goma sun riga shi ba, sai ka ji ya ce "na fita da bangaskiya". Idan jarin ya karye, a ɗora wa Shaiɗan. To, a buɗe Littafi Mai Tsarki, Luka 14:28-30. Ubangiji Yesu da kansa ya kawo misalin mai son gina hasumiya, wanda zai fara zama ya yi lissafin abin da ginin zai ci, don kada ya kafa harsashi ya kasa gamawa, masu wucewa su yi masa ba'a. Gaskiya ne a kan farashin zama almajiri yake magana, amma ya ɗauki lissafin a matsayin abin da kowane mai hankali ya sani. Nehemiya ma, bayan azumi da addu'a, har sarki ya ba shi izini da wasiƙu na sake gina Urushalima, bai tara jama'a ba sai da ya fita da dare ya duba garun Urushalima da idonsa. Karin Magana 19:2 kuwa cewa ta yi himma ba tare da sani ba ba ta da kyau, mai gaggawa kuma yakan ɓata hanya. Mu a nan cewa muke "sauri ya haifi nawa". Ka yi addu'arka, ɗan'uwa, sannan ka ɗauki alƙalami.

Da bincike da nazari ba abu ɗaya ba ne?

A bakin masu sakaci, ɗaya ne. Bincike tonawa ne da dubawa lungu-lungu, yadda ake bincike ɗaki idan abu ya ɓace. Nazari, wanda muka aro daga Larabci, zama ne da abin da aka tono a juya shi a tunani. Ɗan kasuwar da ya zaga ya gano abin da masu saye ke kuka da shi, da farashin abokan hamayya, da dokar da ta shafi kayansa, ya yi bincike. Idan ya zauna ya auna ko akwai riba bayan haya da haraji da sufuri, ya yi nazari.

Tun da an taɓo wurin, bari in yi ƙorafi. Yanzu kowa "ya yi bincike". Ka tambaye shi a ina, ya ce wani saƙo ya gani a WhatsApp. Wannan sunansa ji, Bahaushe kuma ya ce gani ya kori ji. Ayyukan Manzanni 17:11 ta yabi mutanen Biriya domin kowace rana suna bin Nassi su tabbatar ko abin da Bulus ya faɗa haka yake. Bulus fa! Idan an bi diddigin maganar manzo har aka sami yabo, ina ga mai cewa zai ninka maka kuɗi cikin wata guda? Karin Magana 14:15 ta riga ta raɗa wa mai gaskata kowace magana suna, ba kuma mai daɗi ba ne.

"Matambayi ba ya ɓata." Ko da wa aka tambaya?

A'a. Ka tambayi wanda ya taɓa bin hanyar, kuma kada ka tsaya kan mutum ɗaya. Karin Magana 15:22 mashawarta da yawa ta ambata.

Fastonmu ya ce "talanti" na nufin baiwa. Haka ne?

Wa'azi ne ya kai ta can, kuma ba laifi a yi darasi da haka. Amma a Matiyu 25:14-30, misalin maigidan da ya danƙa wa bayinsa uku dukiyarsa kafin ya yi tafiya, talanti kuɗi ne, kuɗi kuwa masu nauyi. Asalinsa ma'aunin nauyi ne, kuma ana lissafa shi a kan dinari 6,000, alhali dinari ɗaya ladan yini ne na ɗan ƙodago, kamar yadda Matiyu 20:2 ta nuna. Kenan bawan da muke tausaya wa cewa "ɗaya tak" aka ba shi, ladan shekaru masu yawa ya haƙa rami ya binne. Sauran biyun ciniki suka yi har suka ninka nasu, ba a kuwa ninka kuɗi irin wannan da ka. Sai an san kasuwa. Lura kuma da abin da maigidan ya ce wa na ukun: ko ba komai ai da ya kai wa masu juya kuɗi a sami ƙari. Hanya mafi sauƙi tana nan, bai ko tambaya ba.

Me ya sa "riba" take da ma'ana biyu?

Kalmomi biyu ne, rubutun boko ne ya haɗe su. Ta cin nasara a ciniki ana jan wasalin farko, ta kuɗin ruwa ba a ja. Kunne ya san bambancin.

Wata 'yar'uwa ta ce: shekarata ashirin ina sana'a, 'ya'yana sun matsa in koyi talla ta intanet. Suna ce mini "gemu ba ya hana ilimi". Ni da ba ni da gemu fa?

Uwargida, gemun nan shekaru ne da girma, don haka ya kama ki. Karin maganar ba jahili take yi wa magana ba. Da wanda ya riga ya iya take, mai jin nauyin a gan shi gaban malami, musamman malamin da ya haifa. Wannan kunyar ta kashe sana'o'i da yawa, domin masu saye ba sa jiran mai sayarwa ya gama jin nauyi, wurin wani suke komawa.

Dubi Afolos a Ayyukan Manzanni 18. Masani ne, mai iya magana, daga Iskandariya, birnin da ya yi suna da ilimi. Amma Akila da matarsa, masu ɗinkin tanti, su suka ja shi gefe suka cike masa abin da ya rage masa na sanin hanyar Allah, bai kuma ce su wane ne su ba. Macen kirki ta Karin Magana 31 ma, aya ta 16 ta ce sai da ta duba gona kafin ta saya. Shekarunki ashirin sun koya miki halin masu saye da sanin kaya mai kyau, abin da yaran ba su da shi. Su koya miki wayar, ke ki faɗa musu abin da za a rubuta. Asusun kuɗin dai ya zauna a hannunki.

Wanne ne daidai, "ilimi" ko "ilmi"?

Duka biyun ana faɗa, ana kuma rubutawa. Zaɓi ɗaya ka tsaya a kai har ƙarshen takardarka.