Firogiram ɗin na'urar burtsatse yana gogewa: ina matsalar?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina haɗa na'urar da ke kunna famfon burtsatse da kanta idan tanki ya yi ƙasa, da cif ɗin ATmega328P. Biyu daga cikin waɗanda na saka a Rigasa sun daina aiki bayan wata guda, sai da na sake loda firogiram suka tashi. Wani abokina ya ce in kulle cif ɗin. Hakan zai magance?
Mai karatu daga Tudun Wada, Kaduna

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Abokinka ya ba ka maganin wata cutar daban. Makullan hana karatu na cikin ATmega328P suna hana wani ya jona kebul ya kwafe aikinka, amma duk mai USBasp, wato 'yar na'urar loda firogiram cikin cif, zai iya goge cif ɗin gaba ɗaya, makullan su tafi tare da firogiram.

Ni wuta nake zargi. Sa'ad da aka ɗauke ta, ko famfo ya ja da ƙarfi wajen tashi, volt 5 ɗin da ke ciyar da cif yakan sauka a hankali. A wannan ɗan tsakanin cif bai mutu ba, ba ya kuma cikin hayyacinsa, sai ya riƙa tsalle cikin umarni barkatai. Idan akwai butloda a ciki, wato ɗan firogiram ɗin da ke ba da damar lodi ta USB, to akwai umarnin da ke rubutu kan filash, ma'ajiyar da firogiram ɗinka yake zaune, kuma faɗawa kansa sau ɗaya ya isa ya ɓata shafi guda.

Cif ɗin yana da mai gadi, ana ce masa BOD, wanda ke tsayar da komai idan wuta ta yi ƙasa da iyaka. Iyakokin uku ne: volt 1.8, 2.7 da 4.3. Sabon cif daga kamfani yana zuwa da mai gadin a kashe. Na cif ɗin da ke kan allon Arduino Uno yana kan 2.7, wanda ya yi ƙasa ga cif mai gudun megahaz 16. Mai da shi 4.3. In kuma ba ka bukatar lodi ta USB bayan ka kai na'ura wurin aiki, cire butlodan ma, ka loda kai tsaye da USBasp. Wannan shi na fi so ga duk abin da za a bari a ɗakin famfo ba mai dubawa.

Ba ka ambata ba, amma ina jin kana ajiye matakin ruwa a EEPROM, ƙaramar ma'ajiyar cif da ke riƙe bayanai ko an ɗauke wuta. Kula da nan sosai. Filash tana jure gogewa da rubutu sau 10,000, EEPROM sau 100,000. Adadin kamar da yawa, amma mai rubutu a gurbi ɗaya kowace daƙiƙa zai cinye shi cikin awa 28. Yi amfani da umarnin EEPROM.update, wanda ba ya rubutu sai ƙimar ta canza.

Bayan wannan sai ka kulle, domin gumin ka ne. Idan wata rana ka koma wani nau'in cif mai suna STM32F4, a can akwai kariyar rubutu sashe-sashe, da matakan hana karatu 0, 1 da 2. Dawowa daga 1 zuwa 0 yana goge filash duka. Mataki na 2 kuwa ba ya buɗuwa har abada, ko a hannun kamfanin da ya ƙera cif ɗin, don haka kada ka taɓa shi kan allon gwaji.